Binciken Goggo Yelwa a Limawa

A gidan Alhaji Bobboyi da ke cikin garin Yola, in ana son a san asalin mutum, Goggo Yelwa ake kira. Ƙanwar Alhaji ce, ta dawo gida tun rasuwar mijinta, kuma Allah ya yi ta da son sanin abu. Baƙo ba ya wucewa ta ƙofar gida ta samu sukuni, sai ta ji ɗan wane ne da abin da ya kawo shi.

Wata safiya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, Alhaji ya kira ta rumfarsa. Maganar autarsa Ikram ce, mai karatun malanta a Jimeta. Yarinyar ta kawo zancen wani kafinta, Nuruddeen, wanda ta haɗu da shi lokacin da ya je gyaran bencinan makarantarsu, ta ce shi take so. Da Alhaji ya tambayi wanda zai zo nema masa auren, sai aka ce ba shi da kowa. Daga Madagali ya gudo yana saurayi, shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga garin, iyayensa kuwa ba su fito ba.

"Ki je Limawa ki gano mini ko shi wane ne," in ji Alhaji. "Kada ki faɗa wa kowa daga inda kika fito. Ni ban iya ba wa mutum 'ya ba alhali ban san inda zan kai ƙararsa ba."

Da ta fito, ta tarar da Ikram a bakin madafa, idanu jawur. Yarinyar ba ta roƙe ta komai ba, illa ta ce don Allah ta duba da adalci.

Goggo ta hau keke napep zuwa unguwar Limawa da ke Jimeta tana shirya ƙaryarta a hanya: za ta ce akwatin katako take so a yi mata. Gidan hayar da aka kwatanta mata dogo ne, ɗakuna na kallon juna, famfo ɗaya a tsakiya. Ta yi sallama ba wanda ya amsa, domin kowa ya taru a ƙofar ɗaki guda. Sai ga maza biyu sun fito ɗauke da wani saurayi ya ƙudundune, gumi na zuba masa kamar an watsa masa ruwa. Wata mace mai jiki, da sarƙar gicciye a wuya, ta waiwayo ta ga Goggo tsaye hannu wofi. Ba ta tambaye ta ko ita wace ce ba, ta danna mata mafici da takalman mara lafiyan.

"Mama, shiga keke ki tallafe kansa, ni zan riƙe ƙafa."

Kafin Goggo ta buɗe baki, tana cikin keke. Haka ta fara ganin fuskar mai neman 'yar wanta, kansa a kan cinyarta, tana yi masa fifita yana salati ƙasa-ƙasa.

A asibiti likita ya ce taifod ce ta huda masa hanji, in ba a shiga tiyata yanzu ba, ba lallai ya kai gobe ba. Ya tambayi wa ke da shi. Wani dattijo mai furfura, Zadok, tsohon malamin firamare daga Numan, ya ce shi ne baba. Mai keken da ya kawo su, Muktar, ya ce shi ne yaya. Matar nan mai gicciye, Mama Lilian, ta ce uwa kuma ga ta. Likita ya dubi sunan mara lafiya, ya dubi wuyan Lilian, ya tambayi Zadok baba ta ina.

"Ta gida ɗaya," in ji Zadok, ya karɓi biro ya sa hannu.

Aka ce ana buƙatar jini. Muktar ya fita da wayarsa a kunne, kafin azahar barandar ta cika. Ga Hosea ɗan Zadok ya baro ofis da rigar aiki, ga limamin ƙaramin masallacin layinsu, ga matan zumunta daga cocin Lilian, ga masu tura baro daga bakin kasuwa. Waɗanda jininsu ya dace suka miƙa hannu. Hular Zadok ta zaga neman gudummawar kuɗi ta dawo, Goggo ba ta iya gane wa ya sa mai yawa wa ya sa kaɗan ba, duk da ta sa ido sosai.

Abin ya tsaya mata a rai. A saninta, mutane ba sa barin kasuwa da ofis haka kawai. Ta matsa kusa da Lilian ta tambaye ta me yaron ya taɓa yi musu. Lilian ta dube ta kamar ba ta gane tambayar ba, ta ce maƙwabci ne. Ta koma wurin Muktar. Ya yi tunani, ya sosa ƙeya, ya ce to, yana gaisuwa, kuma ba ya rigima a bakin famfo. Goggo ta ce a ranta lallai akwai abin da suke ɓoyewa, kuma sai ta tono shi.

Tana cikin wannan tunani Ikram ta shigo a guje, littattafan lakca a hannu, mayafi na jan ƙasa. Ta yi turus da ta ga wadda ke zaune a benci rungume da takalman Nuruddeen.

"Goggo! Me kike yi a nan?"

Asiri ya tonu a gaban kowa. Goggo ta rasa inda za ta sa fuskarta. Lilian kuwa, duk da tashin hankalin da ake ciki, sai da ta yi dariya har da dafa ƙirji, ta ce ashe suruka ce suka sa aiki tun safe, ko ruwa ba su ba ta ba. Bayan la'asar likita ya fito ya ce an dace. Liman ya ɗaga hannu, matan zumunta suka durƙusa, kowa ya gode wa Allah yadda ya iya.

A gida kuwa ran Alhaji ya ɓaci. Ya ce da ma ba dangi, yanzu ga ba lafiya. Kafintan da aka tsaga wa ciki, da wane ƙarfi zai ɗaga katako ya ciyar da mace? Ya hana Ikram taka asibitin, ya ce ko waya kada ya ji. Ikram ta durƙusa tana kuka har muryarta ta dushe.

"Ba zan je ba, Baba, tunda ka hana," ta ce. "Amma ba zan ce maka na daina son sa ba, don in na faɗa ƙarya na yi maka."

Ta kuma cika alkawari. Daga makaranta sai gida, wayarta ta miƙa wa mahaifiyarta da kanta. Ta rame, amma ba ta ɗaure wa kowa fuska ba. Goggo ce ta ce wa Alhaji bincikenta bai ƙare ba, ta ci gaba da zuwa Jimeta, shi kuma bai hana ba.

Jinyar ta yi tsawo. Ɗinkin ya yi ruwa, aka sake mayar da shi tiyata, mutanen Limawa ba su janye ba. Lilian ce ke dama masa kunun gyaɗa tsararo, don shi kaɗai cikinsa ke karɓa. Ran Juma'a Kiristocin gidan ne ke zama da shi har a sauko daga masallaci, ran Lahadi kuma su Muktar su karɓe su. Da aka sallamo shi, Muktar ke kai shi wankin ciwo kafin ya fara ɗaukar fasinja. Goggo ta taɓa shigowa ta tarar da Zadok riƙe da buta yana zuba masa ruwan alwala, har ya san sau nawa ake wanke hannu. Ayyukan da ya karɓa bai gama ba, wani abokin sana'arsa ya ƙarasa su, Hosea ya kai wa masu su. Ita kanta Goggo ba ta san lokacin da ta shiga layin masu wanki ba. Tana yi tana sauraro, ko za ta ji an ambaci wani babban alheri da ya taɓa yi. Ba ta ji ba. Abin da ta gano kawai shi ne yaron na da taurin kai: ya daɗe yana jin ciwon yana shan maganin kemis a ɓoye, don kada ya ɗora wa kowa nauyi.

Wannan halin ne ya sake fitowa wata rana da suka rage su biyu. Yana jingine da bango, wuyansa ya zama siriri, ya ce Goggo ta gaya wa Ikram kada ta jira shi. Ya ce Alhaji gaskiya ya faɗa, bai san ranar da zai koma aiki ba, kuma ba zai so ta ɓata da mahaifinta saboda shi ba. Yana faɗa yana kallon ƙasa, hawaye na ɗiga a zanen da ya rufa da shi.

Goggo ta riƙe saƙon a cikinta na 'yan kwanaki kafin ta iya isar da shi. Ikram ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi.

"Ki ce masa maƙwabtansa ba su gaji da shi ba, ni ce zan gaji? Ya sha maganinsa, ya bar mini Baba da addu'a."

Washegari Goggo ta sami Alhaji a rumfa. Ta ce ta bincika duk abin da ake bincikawa, yaro na salla, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa jin sa da abin wani ba. Amma akwai abu ɗaya da ya gagare ta, tana so ya zo ya taya ta dubawa, tunda dai duba mara lafiya ba laifi ba ne, lada ne ma. Alhaji ya yi gunaguni, amma shi ma jinin Goggo ne, son sani ya fi ƙarfinsa.

Suka tarar da Nuruddeen a kan tabarma a inuwar tsakar gida, Zadok na yi masa aski. Ya yunƙura zai durƙusa, Alhaji ya ce ya zauna. Bayan gaisuwa da addu'a, Alhaji ya ja Zadok gefe ya yi masa tambayar da Goggo ta gaji da yi: me yaron nan ya yi musu da suke wahala haka a kansa?

Zadok ya goge askar a hankali. Ya ce shekarar gudu, tsakar gidan nan cike take da mutanen Madagali da Michika da Mubi, Musulmi da Kirista, ana kwana a fili. Wasu sun koma, wasu sun wuce gaba, wannan ya zauna don ba shi da wurin komawa.

"Ranar da ya shigo da riga ɗaya, ba mu tambaye shi ɗan wane ne ba, Alhaji. Yunwa yake ji, muka ba shi tuwo. Tun daga nan bai yi mana wani abin da ya wuce na maƙwabci ba. In ni na faɗi gobe, shi zai ɗauke ni, na san wannan. Aibinsa kuwa zan gaya maka: ɓoye damuwa. Duk wadda za ta zauna da shi sai ta iya tono shi."

Goggo da ke laɓe kusa da famfo ta ji kunya ta kama ta. Amsar da Lilian ta ba ta tun ranar farko ita ce amsar, ita ce ba ta yarda ba.

Alhaji ya tambaya, in ya saɓa wa 'yarsa, wa zai kai wa ƙara? Zadok ya ce shi, kuma ɗakinsa ga shi nan. Wa zai zo neman aure? Ya ce liman ne zai tsaya masa yadda addininsu ya tanada, su kuma za su biyo bayansa, in zauren Alhaji zai ɗauke su.

Suka koma Yola. Sai da Alhaji ya sauka daga mota ya ce wa Goggo yaron ya warke tukuna, ya koma bakin aikinsa, sannan a zo. Ya ƙara da cewa tana iya raka Ikram ta duba shi.

Ranar da suka je, matan gidan suka ba su wuri, amma ba wadda ta yi nisa. Ikram ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana kallon yadda ya rame. Ya fara ba ta haƙuri a kan saƙon da ya aika, ta katse shi.

"Na yafe. Amma daga yau ko kanka ne ya sara, ni za ka fara gaya wa. Ka yi alkawari a gaban Goggo."

Ya yi, yana dariya yana riƙe ciki don kada ɗinki ya motsa.

Bayan kaka ya koma shago, ya fara da ƙananan kujeru kafin ƙarfinsa ya dawo. Ranar neman aure zauren Alhaji bai ɗauke mutanen Limawa ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi a waje. Aka ɗaura aure, Ikram ta tare a gidan hayar nan da albarkar mahaifinta, wadda da ta yi gaggawa ta bijire masa da ta rasa ta. Haƙurinta ya sa ta sami mijin da take so ba tare da ta rasa uba ba. Iyaye kuma su sani, yaƙi ya raba mutane da yawa da danginsu ba da laifinsu ba. Wanda yake son ya san irin waɗannan, ya je ya ga yadda suke zaune da maƙwabtansu, ya ga waɗanda ke tsayawa a kansu ranar da suka faɗi.