Takardar Furera a Teburin Rufa'i

Ranar kasuwar Tudun Wada Furera ta shigo ofishin ilimi, shugabar kwalejinsu ta horar da malamai tana biye da ita. Rufa'i, akawun da ke karɓar wasiƙu, ya miƙe baki har kunne, don saura wata uku bikinsa da Furera. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ajiye ambulan a teburinsa ta koma gefe.

Takardar ƙorafi ce. Wani malami ya sha kiranta ofis bayan an tashi, yana kama mata hannu, yana ce mata in ba ta ba shi haɗin kai ba ta manta da jarrabawar fita. Da Rufa'i ya kai kan sunan, sai da ya sake karanta shi. Malam Bature, ƙanen mahaifinsa. Shi ya riƙe shi tun rasuwar uban, shi ya kai gaisuwar aurensa Burumburum, garin su Furera.

Ƙa'ida kuwa a fili take. Sai akawu ya ba takarda lamba ya buga hatimi kafin kwamiti ya zauna, daga nan kuma babu malamin da ya isa ya taɓa sakamakon ɗalibar. In ba hatimi, magana ta mutu.

Ya bi Furera waje, gindin darbejiya.

"Furerata... me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da wane bakin, Yaya Rufa'i? Baffanka ne fa."

"Kin san abin da kika ɗora mini?"

"Na sani. Ba wurin masoyina na kawo ba, ofis na kawo." Hawaye ya zubo mata. "In ka ɓatar da ita ba zan tsine maka ba... amma ba zan iya zama da kai ba."

Kwana biyu takardar tana aljihun tebur. Mahaifiyarsa Inna Kulu ta ji labari, ta zo tun daga garinsu Dangora, tana roƙonsa ya rufa wa gidansu asiri, wai ya tuna wanda ya ɗinka masa kayan makaranta. Rufa'i bai manta ba, abin da ke cinsa ke nan. Yana son baffan nan, kuma yana jin kunyarsa har ransa.

Safiyar Laraba ya buga hatimin.

Da kwamiti ya zauna, sai ga wasu ɗalibai biyu sun fito da irin maganar. Aka dakatar da Malam Bature, Furera ta rubuta jarrabawarta lafiya. Dangi kuwa suka aiko wa Rufa'i cewa ya nemi waliyyi a wani gidan.

Shi kaɗai ya hau keke zuwa Burumburum. Ya iske Malam Sabo, mahaifin Furera, yana daidaita igiyar ɗaure maruƙa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya zo ne ya faɗi gaskiya: ba shi da mai karɓa masa aure.

Tsohon ya ajiye igiyar ya dube shi.

"Ni zan ba da ita, ƙanena zai karɓa maka," in ji shi. "Tashi, ɗana."

Furera tana bayan dangar kara tana jin komai. Ta kawo masa ƙwaryar nono, ta durƙusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Na raba ka da gidanku, masoyina..."

"Ba ke kika raba ni ba," ya ce. Ya karɓi ƙwaryar, amma kuka ya hana shi sha.