Masu Kwana a Ƙarƙashin Inji

Yamma ce irin ta kullum. Rana ta riga ta faɗa bayan tsaunukan da suka kewaye ƙauyen, ɗan hasken da ya rage yana kwance a kan dusar ƙanƙara, lokacin da Shodmon ya shigo da tsohuwar motarsa cikin rumfa ya kashe ta. Bai fito nan take ba. Ya daɗe zaune, hannayensa a kan sitiyari, yana sauraron inji yana ƙas-ƙas yana hucewa. Tun asuba yake bisa hanya, kamar duk direban da ke jigilar mutane a wannan kwari na Tajikistan, kuma babu abin da yake so a duniya sai shayi da wurin miƙe ƙafa.

Yana cire takalmi a bakin ƙofa abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangara a hankali, ya faɗi a gabansa. Wani ya biyo baya, sannan wani.

"'Ya'yan maƙwabcinmu Barot ne," in ji shi, ko ɗaga kai bai yi ba. "Gobe zan ja kunnen ubansu."

Matarsa Zebuniso ta fito da fitila, ta sunkuya ta ɗauki guda. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Baban Sabohat, wannan ba dutse ba ne."

Gasasshen yumɓu ne, gefe guda ja, gefe guda baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Ko ba a faɗa ba dukansu sun san shi. Ɓaraguzan tanderun mahaifiyarsa ne, Allah ya jiƙanta, wanda shi da kansa ya rushe a lokacin kaka don mota ta samu wurin kwana, ya kwashe a amalanke ya zubar can cikin kwazazzabo. Ga shi kuma a tafin hannun Zebuniso da ɗuminsa, kamar yanzu aka cire gurasa daga jikinsa.

Suka shiga ɗaki. 'Yarsu Sabohat, wadda bakinta ba ya hutawa tun daga safe har dare, tana zaune a lungu nesa da murhu. Ta rungume hannunta na hagu a ƙirji, tana jijjiga shi a hankali. Ba ta yi wa ubanta sannu da zuwa ba.

"Ku rufe ƙofa," ta ce, da wata murya busasshiya wadda ba tata ba. "Yaron yana jin sanyi."

Babu wani yaro a gidan.

Ciwon motar Shodmon ba ɓoyayye ba ne, shi ma ya san shi. A bakin kafireta akwai wata 'yar ƙofa ta ƙarfe. Idan aka ja maɓallin cok daga ciki, waya ce ke janyo ta ta rufe, iska ta ragu, fetur ya yi kauri, inji mai sanyi ya samu abin kamawa. To wayar tasa ta saki daga maɗaurinta tun farkon hunturu. Sai ya ja maɓalli har ƙarshe, ƙofar tana nan a wangale. Ya taka totur, ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru, ta sake tari, har batir ya fara nishi. Kullum yana cewa gobe zai zauna ya gyara. Kullum kuma yana dawowa da duhu, yatsunsa sun sandare, goben ta sake matsawa gaba.

Maƙwabcinsa Barot ne ya leƙo ta katanga wata safiya yana dariya.

"Yaya Shodmon, kai fa akwai son wahalar da kai. Tsohuwa ce, ba ta tashi sai ta sha ruwan zafi, kamar surukata. Kwara mata buta guda a ƙasan kafireta ka gani."

Ya kwara, ta tashi. Daga ranar aikin ya zama na Sabohat. Ita ke kawo buta tana tururi, ta tsaya gaban bonet tana zubawa, shi yana ciki yana murɗa makulli. "Baba, motarka ta fi kowa a gidan nan gata," takan ce, "ita ake fara dafa wa shayi." Ruwan yakan bi ta jikin inji ya tsiyaye ƙasa. Cikin gaggawa da ƙarar kik babu wanda ya taɓa tunawa da bisimilla, alhali ko ƙaramin yaro a ƙauyen ya san ba a zubar da tafasasshen ruwa a ƙasa sai an ambaci Allah. Amma su a ganinsu ba ƙasa suke zubawa ba, inji ne.

A safiyar ranar da aka fara jifa, Shodmon ya ji wata siririyar ƙara daidai lokacin da motar ta kama. Ya ce a ransa bel ɗin inji ne ya saki, shi ma gobe.

Kwanaki suka ja jiki da nauyi. Jifa yakan fara da faɗuwar rana ya tsaya da isha'i, kamar mai aikin da ke da lokacin tashi. Idan gari ya yi tsit, ana jin kukan jinjiri daga wajen rumfa, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya gaji da kukan. Sabohat ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci sai an ɗura mata. Idan ta ji buta ta fara tafasa sai ta ƙwalla ihu ta cusa kai cikin bargo. Likitan gunduma ya duba hannun, ya ce babu ƙuna babu karaya, ya ba da ƙwayoyin barci. Zebuniso ta turara hayaƙin ganye a kowane lungu har idanunta suka yi ja. Shodmon kuwa yana fita kullum, don gida ba ya cin abinci sai mota ta fita, kuma yanzu shi ke kwara ruwan da kansa. Ya lura duk ranar da ya kwara da yawa, jifan yamma ya fi yawa. Ya lura, amma gajiya ta hana shi bin tunanin har ƙarshe.

Da fuskar yarinyar ta fara zama ƙashi, Zebuniso ta ce, "Ko ka je ka kira Domullo, ko ni in tafi da ƙafata."

Domullo Hikmatullo malami ne tsoho daga ƙauyen da ke sama da nasu, mai fama da numfashi. Ya iso bayan la'asar a kan jaki. Bai nemi ganin yarinyar ba tukuna. Ya sha shayi, ya huta, sannan ya zagaya gidan yana dogara sanda, har ya tsaya a bakin rumfa yana kallon ƙanƙarar da ta daskare a ƙarƙashin mota, inda ruwa ke taruwa.

"Me ke nan wurin a da?"

"Tanderun mahaifiyata, Domullo."

"Wannan ƙanƙarar fa?"

Shodmon ya faɗa masa. Tsohon bai yi faɗa ba, ya dai sauke numfashi.

Bayan sallar magariba suka zauna. Zebuniso ta riƙe kafaɗun 'yarta, Domullo ya ɗora ƙwaryar ruwa a gabansa ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana tsayawa ya ja iska ya ci gaba. Jifa ya fara a kan rufi, ya yi ƙarfi har fitila na rawa, sai kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Sabohat ta ɗago kai. Idanunta a buɗe suke, amma ba ta cikinsu.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, kai ma kana wahalar da ƙirjinka."

"Wace ce ke?"

"Na riga kakan wannan mutumin zama a gidan nan."

"Musulma ce ke?"

"Da ba Musulma ba ce, da tuni kun yi jana'iza."

Zebuniso ta fashe da kuka. Domullo ya ɗaga mata hannu.

"To me yarinya ta yi miki?"

Yarinyar ta ci gaba da jijjiga hannun. Da muryar ta sake magana, babu fushi a ciki, sai gajiya.

"Tsohuwar gidan nan ta san zama da maƙwabta. Kafin ta hura wuta sai ta ƙwanƙwasa bakin tanderu ta yi bisimilla, mu fita. Ta gama gashi ta bar mana toka da ɗuminta. Ta mutu, ɗanta ya zo da gatari. Na yi shiru. Sanyi ya shigo, na ga ƙarfensa yana dawowa da zafi kowace yamma, na kwashi 'ya'yana muka raɓa a ƙarƙashi. Ban taɓa masa ko ƙusa ba. Da muka ga ana kwararo mana wuta da asuba, muka koyi tashi da wuri. Ran nan ƙaramin ya makara."

Shodmon ya ji ƙarar nan ta bel ta dawo masa cikin kunne.

"Ya mutu?" in ji Domullo.

"Bai mutu ba. Hannunsa ya saluɓe. Jikin yarinyar nan akwai ɗumi, a nan nake jinyarsa. Ku bar mini ita zuwa bazara."

"Ba za ta kai bazara ba, kin fi ni sani. Aikenta aka yi, ba ta gan ku ba."

"To a ba ni hannun wanda ya aike ta."

"Ga shi," in ji Shodmon, ya miƙa hannu. "Ɗauki. Ki sake ta."

"Mayar da hannunka," Domullo ya daka masa tsawa, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya juya ga yarinyar. "Ba ramuwa kika zo nema ba, baiwar Allah. Da ita ce, da kin yi tun ranar farko. Ɗaki kike nema. Faɗi abin da zai ishe ki, ki ji tsoron Wanda zai tambaye mu gaba ɗaya."

Aka daɗe ana ja. Ta ce a gina tanderu kafin gari ya waye, Domullo ya ce yumɓu ba ya ginuwa cikin ƙanƙara, ita ma ta sani. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa mota za ta bar rumfa a daren, a riƙa ajiye kaskon garwashi a wurin kowace yamma har ƙasa ta saki a gina sabon tanderu. Ruwan zafi kuma kada ya ƙara taɓa ƙasar gidan.

"Ko ɗigo ɗaya," in ji muryar. "Idan ya taɓa, zan dawo, kuma ba zan saurari kowa ba."

Domullo ya sa ta rantse, ya shafa wa yarinyar ruwan a fuska. Sabohat ta yi atishawa mai ƙarfi, hannunta ya saki ya faɗi a cinya, ta kife a jikin uwarta tana barci. Shodmon ya kira Barot, wanda yau bai yi ko wasa ɗaya ba, suka tura motar zuwa tsakar gida. Zebuniso ta kai kasko.

Asuba ta zo da sanyin da ya fi na kullum. Motar ta kwana a fili, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta. Shodmon ya share, ya ja cok, ya murɗa makulli. Tari ɗaya, shiru. Ya sake. Batir ya fara nishin nan da ya sani. Ya fito ya buɗe bonet, ya cire murfin da ke kan kafireta, ya tsaya yana kallon 'yar ƙofar a wangale. Ya ɗauko sukundireba. Ya sassauta ƙusar maɗaurin, ya tura ƙofar da yatsa har ta rufe, ya ja wayar da filaya ta miƙe, ya fara ɗaurewa. Ƙarfen yana manne masa a fata. Ƙusar ta kuɓuce ta faɗa cikin ƙanƙara, ya durƙusa yana lalube.

"Baba, matsa in zuba."

Ya ɗago. Sabohat ce tsaye a gaban inji, ramammiya, da gyalen uwarta a ka, tana murmushi. Ba ta tuna komai ba. Ta dai ji tarin mota, ta yi abin da ta saba. Butar tana tururi a hannunta, bakinta ya riga ya karkata, ɗigo yana taruwa a kai.

Bai yi ihu ba, don kada ta firgita ta saki. Ya miƙe a hankali, ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin bakin butar. Ɗigon ya sauka a fatarsa, wani ya biyo. Ya cije leɓe, ya kama mariƙin da ɗaya hannun ya daidaita ta.

"Yau ba ita za ta fara sha ba," ya ce. "Kai wa mamarki ta haɗa mana shayi. Riƙe da kyau, 'yata. Da hannu biyu."

"Baba, ka ƙone!"

"Ba komai. Je ki."

Ya bi ta da ido har ta shige ɗaki, sannan ya goge tafinsa a jikin riga. Ya samo ƙusar, ya ɗaure wayar tam, ya ja maɓalli ya tura yana leƙawa, ƙofar tana rufewa tana buɗewa yadda ya kamata. Ya mayar da murfi. Kafin ya shiga, ya ƙwanƙwasa bonet da bayan yatsa, ya ɗan jira, ya yi bisimilla.

Ya ja cok, ya taka totur, ya murɗa. Injin ya yi tari, ya yi jinkiri kamar mai shawara, sannan ya kama. Shodmon ya bar shi yana ɗumama, yana mayar da maɓallin kaɗan-kaɗan har ƙarar ta daidaita. Daga cikin ɗaki ya jiyo Sabohat tana yi wa uwarta ƙorafin cewa gurasar jiya ta bushe, yaushe za a gasa sabuwa. Ya kifa goshi a kan sitiyari, hannun da ya ƙone a buɗe bisa gwiwarsa, bai ɗago ba sai da aka kira shi shan shayi.