Follere da Kanwa

A ajin masta na malaman kimiyya a Garuwa Mahfuzu ya fara ganin Adawiyya. Ana koya musu darasin zamani, kowa na fama da kwamfuta, ita kuwa ta ciro gorar follere, zoborodo ke nan. Ta ɗiga lemun tsami ya ƙara ja. Ta zuba ruwan kanwa ya rikiɗe kore.

"A makarantarmu ta Guider ba labo, ɗakin gwaje-gwaje, wuta ma sai ta ga dama," ta ce masa. "Amma follere kowane gida akwai."

Tun ranar ya kamu da sonta. Yana ce mata Malamata, tana ce masa Misye Kanwa.

Da Mahfuzu ya je neman aurenta, mahaifinta Alhaji Ilyasu bai so ba, hankalinsa na kan Sharif mai shagon atamfa. Ya kuwa ji za a zaɓi mutum ɗaya daga ajinsu a tura shi ƙarin horo Yawunde. "Malami? To, kujera ɗaya ce ta horon Yawunde, ko? Samo ta, sai mu yi magana."

Ranar gwajin zaɓen uwar Adawiyya ta kwanta ciwo, ta tafi jinya. Mahfuzu ya tsaya gaban Madam Clarisse mai kula da su, ya yi darasin follere tsaf.

"Dabarar wa ce?"

"Tawa ce, Madam."

Aka ba shi kujerar. Sai ga saƙon Adawiyya: "Barka, Misye Kanwa! Me ka nuna musu? Ina alfahari da kai."

Ya kife wayar. Ko mai tallan follere ya hango a bakin kasuwa, sai ya sauya hanya.

Da abin ya ishe shi ya koma ofis ya faɗi gaskiya. Aka goge sunansa, aka sa nata. Adawiyya ta daina ɗaga wayarsa.

Ya je rumfar Alhaji ya durƙusa, ya zayyana komai.

"Kai ɓarawo ne ko wawa?"

"Duka biyun, Baba."

Alhaji ya gyara zama. "Tun da nake kasuwa ban ga wanda ya maido kaya ba a kama shi ba. Sauran magana tata ce."

Sai da ta isa Yawunde ta rubuto: "Da ka tambaya da na ba ka. Har yanzu ina fushi. Turo magabatanka, zan ƙarasa fushin a gidanka."

Tana dawowa aka ɗaura. A walima da hannunta ta miƙa masa kofin follere, ya shanye. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.