Abin da Jibrin Ya Ƙi Yi

Hasiya na tankaɗe a tsakar gidansu da ke Unguwar Sarki lokacin da mahaifiyarta, Inna Rakiya, ta kira ta ɗaki. Ta tarar da yayanta Nuhu zaune ya sunkuyar da kai. Shi ne ɗa namiji tilo a gidan, yana karatun likita a jami'a, ajinsu ɗaya da Jibrin, saurayin da Hasiya ke so kamar ranta. Shekarar 1976 ce, an riga an kawo gaisuwar iyaye, sa rana kawai ya rage.

Inna ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce Nuhu ya faɗi jarrabawa bara, in ya sake faɗuwa sai kora. Kujerarsa na kusa da ta Jibrin, saboda haka tana so Hasiya ta gaya wa Jibrin ya buɗe takardarsa Nuhu ya kwafa.

"In yana son ki, ai ba zai bari ɗan'uwanki ya tozarta ba," in ji Inna.

Da la'asar Jibrin ya zo zance a kan kekensa, ta faɗa masa. Ya dube ta ya ce:

"Hasiya, duk hutun nan zan zauna da Yaya Nuhu mu bi lakca ɗaya bayan ɗaya. Amma satar amsa, a'a. Likita fa zai zama. Wanda ya mutu a hannunsa gobe, alhakin a wuyan wa?"

Ta san gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta fi ciwo. Da ta kai musu amsar, Nuhu ya ce raini ne, Inna ta rantse Jibrin ba zai ƙara taka mata zaure ba. Mahaifinsu, Malam Alhassan, direban babbar mota ne, yana can hanyar Ikko, wato Legas, bai san wainar da ake toyawa ba.

Nuhu ya shiga jarrabawa da amsoshi rubuce a cinyarsa, aka kama shi, aka kore shi. Ya dawo gida ya ce Jibrin ne ya kai ƙararsa. Daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwar Hasiya. Yarinya ta rame, ta yi kuka har ta gode Allah, amma ba ta mayar wa uwarta magana ba, ba ta kuma yarda ta zagi Jibrin ba.

Da Malam Alhassan ya dawo, bai ɗauki maganar kowa ba, ya tafi jami'ar da ƙafarsa. Can malamai suka shaida masa mai tsaron jarrabawa ne ya kama Nuhu. Ɗalibi ɗaya kaɗai ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis yana roƙo a mayar da korar dakatarwa ta shekara, har aka amince. Jibrin ne.

Tsoho ya tara iyalinsa, ya dubi matarsa.

"Rakiya, kin kori wanda ya tsare mana mutunci. Yaron da ya ƙi cin amanar takarda, shi zan ba amanar 'yata."

Inna ta fashe da kuka, ta jawo Hasiya jikinta tana neman gafara. Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Nuhu kuwa ya haɗiye girman kai ya zauna gaban Jibrin da littafi, ya koma aji ya ci da guminsa.

'Yan'uwana matasa, mai son ku ba shi ne mai biye muku a kan ɓarna ba. Wanda ya ce muku a'a don tsoron Allah, ku riƙe shi hannu biyu.