Injin da Ba Ya Bisimilla

Dutsen farko ya faɗo ne ana cikin kiran sallar magariba, a wata Talata da ba ta da abin tunawa. Fassouma tana tsugune a tsakar gida tana fifita gawayi. Mijinta Sallaou dawowarsa ke nan daga aiki, ya zauna bakin ƙofa yana cire takalmi, 'yarsu Hindatou kuma tana ɗaki da littattafanta. Gidan haya ne a unguwar Mahdiya ta birnin Sabha, can ƙasar Larabawa, ɗaki biyu da rufin kwano, a bayan shagon wani mai walda. Dutsen ya bugi kwanon, ya gangaro a hankali, ya tsaya gaban Fassouma. Ta ɗauka za ta jefar, sai ta sake shi da sauri. Zafi gare shi, kuma a jiƙe yake.

Sallaou ya leƙa lungu, bai ga kowa ba. Mai walda ya rufe tun ɗazu, ko kare babu. Ya dawo ya yi alwala, don ya gaji, ba shi da ƙarfin neman faɗa da wanda bai gani ba.

Washegari duwatsu uku ne suka faɗo. Rana ta uku kuwa ba jifa kaɗai ba ne. Da duhu ya fara shiga, sai suka ji kukan jariri daga wajen randa, kuka siriri na wanda ya daɗe yana yi har murya ta dushe. Fassouma ta buɗe randar. Ruwan da ta ɗebo da safe mai sanyi, ga shi yana tururi.

Sallaou mutumin Tanut ne ta ƙasar Nijar, shekararsa goma sha shida a Sabha. Da kwaɓa siminti ya fara, daga baya Allah ya ba shi aiki a kicin ɗin kwalejin horon malamai, inda yake wanke tukwane. Zamanin kuɗin man fetur ne, ɗalibi bai san wahala ba: abinci sau uku kyauta, ga gado, ga ɗakin shan magani, ga motar da ke ɗauko na cikin gari ta mayar da su. Kai, har da masu ƙorafin wai naman ya cika kitse! Sallaou yana jin su yana kankare gindin tukunya. Shi abin da ya sa a gaba ɗaya ne. Wata bakwai ya yi yana sintiri a ofishin kula da ɗalibai kafin a yarda a rubuta sunan Hindatou, autarsa, cikin 'ya'yan baƙi 'yan ƙalilan da ake ɗauka. In ta gama za ta zama malama, ba za ta taɓa wanke wa wani kwano ba.

A rana ta huɗu Hindatou ta sauko daga motar ɗalibai, ta shigo gida ba sallama. Ta ce fatarta ke ƙuna. Kafin uwar ta miƙe, yarinyar ta zube ƙasa tana birgima, tana yayyage mayafinta, idanu sun juye. Sai da aka idar da sallar isha'i ta lafa. Haka abin ya zauna: da rana tana kwance shiru ba ƙarfin ɗaga kofi, da magariba kuma jifa ya fara, kukan randa ya tashi, ita ma ta kama.

Sallaou ya kai ta ɗakin shan magani na kwaleji. Likitan, wani Bamisire mai fara'a, ya auna nan ya auna can, ya ce gajiyar karatu ce, ya ba da ƙwayoyi da takardar hutun kwana uku. Daga nan ya wuce ofishin kula da ɗalibai wurin Ustaz Hamed, wanda ya taimaka masa tun farko. Mutumin kirki ne, har shayi ya ba shi. Amma ya buɗe masa littafin doka ya nuna da yatsa: ɗalibin da ya yi kwana goma sha biyar bai zo ba, za a soke sunansa. Ga jarrabawa saura mako uku. Kuma duk su biyun sun san cewa 'yar baƙo in aka soke ta, ba mai sake rubuta ta.

An yi hayaƙin habbatus sauda, an sha rubutun wani makwabci, ba abin da ya canja. Fassouma ta rame har zanenta na kwancewa. Ta ce da mijinta su haƙura da karatun nan, a sa yarinyar a motar Agadas a mayar da ita gida, gara ta rayu jahila. Sallaou bai yi musu ba, bai kuma yarda ba. Kullum zai tafi aiki da asuba ya dawo a motar ma'aikata gab da magariba, ya tarar da abin da ya bari. Tsoron ma ya gaji da shi, sai dai ya zauna ya riƙe ƙafafun 'yarsa yana ƙirga kwanaki.

A kwana na goma sha ɗaya wani direba ya kawo musu Malam Attahirou daga Zighan, inda yake ban ruwan dabino a gonar wani Balarabe. Dattijo ne siriri, da busasshen taɓo a dugadugansa, ba wanda zai gan shi ya ce ya haddace Alƙur'ani. Ya ƙi abinci. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Hindatou, ya zauna wajen kanta yana jiran rana ta faɗi.

Da dutsen farko ya bugi kwano, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya yi ta ja a hankali, aya bayan aya, har duhu ya rufe bangon gidan. Yarinyar ta miƙe zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce tukuf, mai nauyi, da wata irin Hausa ta mutanen da.

“Ya isa, Malam. Ni ma ba don daɗi na zo ba.”

Fassouma ta toshe bakinta da gefen zane. Malam ya tambaye ta ko musulma ce, ta ce tun kafin a haifi kakansa. Ya tambayi inda ta sami Hausa, ta ce wurin mutanen ayari da ke sauka a rijiyarsu. Sa'an nan, ba tare da an matsa mata ba, ta shiga ba da labari kamar mai kai ƙara. Da can a wani kurmin dabino suke, motocin rusau suka tashe su. Suka koma wani kwari, aka shimfiɗa kwalta a kai. Da ƙyar suka sami wani tsohon rami a bayan kicin ɗin kwaleji suka raɓa, ita da jikokinta.

Ta juyo da fuskar Hindatou wajen Sallaou. Ta ce shekara shida mutumin nan yana zubar da ruwan wankinsa a bakin raminsu, ba su taɓa jin haushinsa ba. Kullum sai ya fara watsa na sanyi, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ce masu wuri a kauce, su kuwa su janye yaransu. Sai ga shi wata guda ke nan ruwa na fitowa ta bakin bututu yana tafasa, ba sallama ba gargaɗi. Jikanta na goye ya ƙone tun daga wuya har cinya.

Nan take Sallaou ya gane. Wata guda ke nan da aka kafa musu sabon injin wanki daga Italiya, ƙato, mai tafasa ruwa da kansa. In an gama sai a danna wani jan maɓalli, ruwan ya bi bututu ya fice ta bayan bango. Shi aka ba dannawar, kullum kafin ya tashi aiki. Uwarsa ce ta koya masa kada ya zubar da ruwan zafi da yamma bai yi magana ba, kuma bai taɓa mantawa ba sai da ya daina ganin ruwan da idonsa.

“Ni ban zuba ba,” in ji Sallaou. “Maɓalli kawai na danna.”

“Da yatsan wa?”

Malam ya ce to daga yau Sallaou zai yi bisimilla kafin ya danna. Tsohuwar ta yi wata gajeriyar dariya. Ta ce wa zai ji shi ta cikin bango da rugugin inji? Ko an ji ma, ruwan da ƙarfi yake zuwa ya cika ramin, ba wurin kaucewa. Sai dai a cire bututun. Sallaou ya ce wallahi ko cokali ba shi da ikon gusarwa a kicin ɗin nan sai da takardar mudir, wato shugaban kwalejin. Ta ce to ta riƙe yarinyar ke nan. A nan ne Malam ya fusata. Ya ce yarinya ba ta ƙona kowa ba, wannan zalunci ne, kuma za ta amsa gaban Allah kamar kowa. Ya koma karatu har ta yi ƙara ta ce a tsaya. Ta nemi jinin baƙin bunsuru, ya ce ko na kaza ba za ta gani ba.

Da tsohuwar ta sake magana, muryar ta yi ƙasa. Ta ce to kada Sallaou ya ƙara taɓa maɓallin. Ya bar ruwan ya huce, ya kwashe da bokiti, ya kai can cikin rairayi ya zubar da magana irin ta da. Kullum, muddin yana aiki a wurin.

Malam ya dubi Sallaou, ya ce masa kada ya ɗauki abin da ba zai iya ba, don irin wannan alkawari ba a karya shi. Sallaou ya san yawan ruwan da injin ke ci, ya san shekarunsa hamsin da huɗu. Ya dubi hannun 'yarsa da ya zama kamar sillen kara. Ya ce ya ɗauka.

Malam ya sa tsohuwar ta rantse, ta rantse. Ya riƙe babban yatsan ƙafar Hindatou ya ce ta nan za ta fita. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta koma ta kwanta. Can ta buɗe ido ta ce, “Inna, ƙishi nake ji.” Ruwan randa ya koma sanyi.

A kwana na goma sha uku Hindatou ta hau motar ɗalibai, uwarta na riƙe da ita har bakin titi. Ustaz Hamed ya ga sunanta a takardar halarta, ya rufe littafinsa. Shugaban kicin kuwa, da ya ga Sallaou na kwasar ruwa da bokiti ga inji sabo fil, ya ce lallai Nijar ta aiko masa da mahaukaci, amma tunda tukwane na fita fes, ruwansa. Ɗalibai maza sukan leƙo ta tagar ɗakin cin abinci suna yi masa tafi. Motar ma'aikata ta daina jiransa, sai ya taka da ƙafa har Mahdiya.

Ranar da aka gama jarrabawa, Hindatou ta zagayo bayan kicin da littattafanta a ƙirji. Ta same shi ya sauke bokiti yana dafe da ƙugu. Ba wanda ya gaya mata abin da ya faru a tsakar gidan nan, ita kuma ba ta tuna komai.

“Baba, wai me na ce lokacin da ba ni da lafiya?”

“Ba ki ce komai ba. Je ki, motarku za ta tashi.”

Ta ɗan tsaya tana kallonsa, sa'an nan ta juya. Ya jira har ta sha kwana. Ya ɗaga bokitin, ya yi bisimilla, ya ce masu wuri a kauce, ya zubar. Bokiti na tara ke nan, saura goma sha huɗu.