Soyayya a Gaban Mutum Arba'in

Da tsaninsa ta fara cin karo kafin ta ga fuskarsa. Matakalar bene na uku ba ta da taga, ko da rana tsaka duhu ne, ga Auta ta rungumo takardun jarrabawar ɗalibanta har haɓa. Tsani ya girgiza, takardu suka watse, wata murya daga sama ta ce, "Wayyo Malama, kashe ni za ki yi tun ban gama aikin ba?"

Sai fitila ta kama. Ta ɗaga kai ta ga wani siririn saurayi, abin gwada wuta a bayan kunne, yana dariya. Ya sauko ya taya ta tsince takardun, har da kaɗe musu ƙura. Shi ne sabon mai gyaran wutar ginin, kowa Injiniya yake ce masa. Kafin Auta ta kai ƙofarsu, zuciya ta riga ta yi mata aika-aika.

Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo, amma fa ba gare ta ita kaɗai ba. A guruf ɗin waya na mazauna ginin ya saka shi, guruf mai mutum arba'in, inda kullum ake cacar baki kan famfo da shara da wanda ya tare ƙofa da mota. Kuma baban Auta, tsohon hedimasta, shi ne admin mai kula da guruf ɗin.

"Malama ta bene na uku, fitila tana nan lafiya? Ina fatan takardu ba su sake zubewa ba."

Ta yi murmushi ta amsa, "Lafiya ƙalau, na gode." Ta ce a ranta kunya ce, gobe zai biyo ta gefe.

Ina! Gobe ta zo, jibi ta wuce, wata ya cika.

"Malama, an ce za a yi ruwa, kada ki manta lema."

"Malama, na ji kina tari a matakala. Allah ya ƙara sauƙi."

Anti Tela ta ƙasa ba ta bari ya wuce. "Mu ma muna tari, Injiniya, ko namu ba ya kai kunnenka?" Direban bene na biyu ya jero fuskokin dariya guda goma. Auta ta kifa wayar a katifa, kamar ta nutse don kunya.

Abin haushin, lambarta tana nan a guruf ɗin, dannawa ɗaya ce. Da ta ji yana amfani da wata manhajar daban, ta goge hotunanta don ta samu wuri, ta sauke ta. Ta ga hotonsa, ta ga alamar yana kai, shi ma ya ga tata. Ko sallama.

Shi kuwa Dogo, ɗan mai ginin, ta manhaja uku yake bin ta. "Sarauniyata, kin tashi lafiya?" Saƙo ɗaya, sau uku, a minti ɗaya. Wanda ba ta so ya cika mata waya, wanda take so ya tsaya a bainar jama'a yana tambayar lema.

A wata na biyar ta tare shi a matakala.

"Injiniya, lambata cizo take yi?"

"Haba Fitilata..."

"Kada ka ce min Fitilarka! A nan kana da baki, a waya sai ka tara min mutum arba'in. Ni ce abin dariyar ginin nan. In wasa kake yi da ni, ka faɗa min."

"Wallahi ba wasa ba ne."

"To zaɓi. Ko ni, ko guruf."

Ya sunkuyar da kai yana murza waya a hannu. A gabansa ta danna, ta fita daga guruf ɗin, ta haye sama idonta cike da hawaye.

Kwana uku babu ko ɗigo. Tana duba waya a aji, tana duba ta a mota, tana jin haushin kanta da take dubawa.

Rana ta huɗu suna cin abincin rana Baba ya dube ta ta saman tabarau. "Auta, wa ya kore ki daga guruf ɗina?"

"Ba kowa, Baba. Na gaji da mutumin da ba zai iya min magana ni kaɗai ba."

Baba ya ajiye cokali. "Ni na hana shi."

"Kai, Baba?"

"Washegarin haɗuwarku ya zo ya gaishe ni, ya ce yana son ki. Na ce ban san shi ba, ban san gidansu ba. In yana da magana, ya yi ta inda idona yake gani. Ranar da ya zagaya ta bayan fage, ya manta da ke." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara biyu wani ya yi yana hure wa yayarki kunne a waya, babu wanda ya sani. Da ya ɓace, ko ƙofar gidansu ba mu sani ba. Ba zan sake ganin wannan kukan a gidana ba."

"Amma Baba, wata biyar! Ka bar ni ina zarginsa, har na yi masa rashin kunya, shi kuma ya ƙi tona ka." Kuka ya ƙwace mata. "Yanzu na rufe ƙofa ɗaya tilo da ka bar masa."

Wayoyinsu suka yi ƙara a tare. Sabon guruf ne, mutum uku kacal a ciki: ita, Baba, da Injiniya.

"Baba, ina wuni. Ban karya alƙawari ba, ga ka nan kana gani. Auta, kin ce in zaɓa. Na kwana uku ina nema, na kasa barin ki, na kasa cin amanar mahaifinki. Ina son ki, so na aure. Baba, in ka amince, kawunnaina za su zo ranar Asabar ka san gidanmu."

Baba ya gyara tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya fara rubutu da yatsa ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Yana rubutawa yana gogewa. Auta ta kafe wayarta da ido tana jira.

"Su zo. Ka riƙe magana, ka riƙe min 'yata haka. Allah ya yi muku albarka."

Kafin ta share ido, wani ɗan ƙaramin rubutu ya fito a ƙasa: Baba ya fita.

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci, wai shi bai yi komai ba.

"Fitilata, mu kaɗai ne?"

"Mu kaɗai ne, matsoraci."

"To bari in fara daga farko. Kin tashi lafiya?"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, mutum arba'in ɗin nan babu wanda bai zo ba. Anti Tela ta yi ta ƙorafin an raba su da abin kallo, guruf ya koma zancen famfo da shara, sannan ta rungume amarya ta yi mata addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Har yau ba su koma wata manhaja ba. A wannan guruf ɗin na mutum biyu suke hira, kuma duk ranar da suka saɓa, Auta takan ja saƙonnin har can sama, ta tsaya a kan albarkar Baba da ɗan layin da ke ƙarƙashinta.