Tela Ya Daina Shiru

Amarya ta ajiye tsintsiya, ta leƙa falo, ta koma kicin, ta sake dawowa. Mijinta Tela yana ɗinka maɓalli, ɗansu mai shekara biyu da rabi yana jan ƙafar wandonsa, shi kuwa ya shafa kan yaron kawai ya kau da ido.

Tela na da i'ina tun yarinta, kuma da ita ta so shi. Amma tana haihuwa mahaifiyarta, Inna, ta kafa doka.

"Kada ya riƙa yi wa angona magana ya shafa masa. Na haƙura da suruki, ba zan haƙura da jika ba."

Kunyar suruka ta sa Tela ya kulle bakinsa. Gida ya zama kamar ana zaman makoki. Yaro ya tashi sai nuni da yatsa, sa'anninsa kuwa har tsiwa suke yi.

Da yamma Inna ta kira waya. "Kin gani ko? Ki tattaro kayanki ki dawo gida, tun yaron bai lalace ba."

Amarya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta buɗe akwati, ta rufe, hawaye na zuba. Washegari ta goya yaron sai asibiti.

Nas ta duba kunnuwansa, lafiya lau. Ta ce, "Wa ke hira da shi?"

"Ni ce... in na samu lokaci."

"Babansa fa?"

Amarya ta faɗa mata komai. Nas ta girgiza kai.

"Ba a ɗaukar i'ina ta kunne, 'yar'uwa. Ku yi ta yi masa magana, ku jira ya amsa ko da gwaranci ne. Da wannan yake tara kalmomi, ya riƙe abu a kansa."

Kai tsaye Amarya ta wuce shagon ɗinkin mijinta, ta dire yaron kan teburin yanka.

"Maigida, ka yafe mini, da na yi shiru aka rufe maka baki. Yi masa magana."

Tela ya ɗauko zare. "Wa-wa-wannan... ja ne."

Yaron ya ƙura wa bakinsa ido, ya miƙa hannu.

Da Inna ta ji, ta yi fushi, ta ɗauke ƙafa. Amarya ba ta fasa zuwa gaishe ta ba, ba ta kuma fasa kai yaron shago ba. Kalmomi suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, har watanni suka ja.

Ranar da Inna ta sauko ta zo, jikan ya tare ta a ƙofa.

"Inna, jakarki da kika manta tana ƙarƙashin gado."

Ta zauna a kan tabarma, ta daɗe tana share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce a kira mata Tela.

Haƙuri da ladabi suka riƙe auren nan. Yaro kuwa ba ya neman gwanin magana, mai yi masa ita da ƙauna yake nema.